Robobin Hannun Hagu

Litinin

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka. Yaya aikin hanya, yaya rana? Ciwon bayan nan da zaman babbar mota ke sa maka ya yi sauƙi? Mu nan lafiya lau muke. Umma tana gaishe ka, ta ce ka daina wasa da cikinka. Baba bai ce a gaishe ka ba, amma da na ce zan rubuto maka bai hana ba, har biron aljihunsa ya miƙo mini.

Direban tankar da ke kai muku ruwa ya ce duk Litinin da Alhamis yake zuwa sansaninku, ya kwana, ya dawo washegari. An ce waya ba ta shiga a can. Ni abin ya yi mini daidai, don ka san bakina. A takarda na fi iya magana.

Yaya, littafin da ake rubuta saitin motar tseren Baba, Giwa, yana hannuna yanzu. Tun da na gama firamare ina zaune ina jiran a buɗe makaranta, sai Baba ya ce tunda rubutuna ba tafiyar kaza ba ne, in riƙa bin sa gareji. Tseren robobi saura kwana ashirin da shida. A filin ajiye motoci na bayan tsohuwar masaƙa za a yi, inda aka yi bara. Mota ɗaya-ɗaya za ta shiga ta bi tsakanin robobin nan masu kama da mazurari a kife, agogo yana ƙirga mata, duk robar da ta ture a ƙara mata sakan biyu. Na san ka san wannan duka, ina faɗa ne don ka ga na haddace.

Har yanzu Giwa ce kaɗai mai shan dizal a cikin motocin da aka rubuta, kuma har yanzu masu ƙananan motocin fetur Tarakta suke ce mata. Jiya wani ya tambayi Baba ko ya taho da garmar ko a gida ya manto ta. Baba ya ce garma tana nan, ranar tsere zai nome su da ita. Kawu Mai Walda, maƙwabcinmu na gareji, ya yi ta dariya har da tari.

Na karanta shafinka na ƙarshe sau da yawa. Ka rubuta cewa injin dizal nauyi gare shi, shi ya sa kan Giwa ke ƙin shiga kwana, kana murɗa sitiyari ita tana miƙewa. Ka mayar da batir cikin but. Iskar tayoyin gaba arba'in, ta baya talatin da shida. Sandar baya a ramin tsakiya. Shokozoba na baya danni huɗu. A ƙasa ka ja layi biyu ka rubuta, kada a ƙara taɓa ta. Ban manta ranar ba, ina laɓe bayan tulin tayoyi. Baba ya ce motar tana ja hagu, ka ce ba ta ja, ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ka ajiye makulli a kan bonet ka fita. Wata biyar ke nan.

Jiya Lahadi muka je gwaji da safe. Kawu ya jera robobi, ni na riƙe agogo da alli. Baba ya zaga sau uku. Ya ture huɗu, ya ture biyar, ya sake ture huɗu. Ya fito yana huci, ya ce ga shi nan, hagun da yake faɗa ce. Da muka koma gareji ya ƙara wa tayar gaba ta hagu iska, ya rage wa ta dama, wai don ta riƙa karkata dama. Na rubuta kamar yadda ya ce.

Abin da nake so ka koya mini shi ne allin. Baba ya ce in riƙa ja wa kowace taya layi uku a kafaɗarta kafin ya shiga, amma bai faɗa mini abin da zan duba ba in ya fito, ni kuma na ji nauyin tambaya. Don Allah ka yi mini bayani dalla-dalla.

Wani abu ya ɓata mini rai, ƙarami ne. Na kai wa Baba shayi na ajiye a gefensa kan benci, ya juya ya kaɓar da shi da gwiwar hannu, ya yi mini faɗa a gaban mutane wai ina ajiye abu kamar ɓarauniya ba sallama. Wallahi Yaya a gabansa na ajiye. Na shiga bayan Giwa na share hawayena.

Ka gaishe da duk wanda ya kamata. Allah ya tsare.

Ƙanwarka,
Auta

Litinin

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Na ga amsarka, na gode ƙwarai. Na karanta wa Umma wurin da ka gaishe ta sau biyu. Wurin da ba ka gaishe da Baba ba kuwa babu abin karantawa, sai na ninke takardar.

Na gane allin yanzu. In mota ta sha kwana taya tana kwantawa, ƙasa ta goge allin. In gogewar ta tsaya daidai ɗan kibiyan nan da ke kafaɗar taya, iska ta yi daidai. In ta wuce a ƙara, in ba ta kai ba a rage. Ka ce alli ba ya ƙarya kuma ba ya jin tsoron kowa. To ni ina ji.

Yaya, allin Giwa ya lalace. Ranar farko, kafin Baba ya taɓa iskar, duk tayoyi huɗun a kan kibiya suka tsaya, na tuna sarai don har na ga abin ya yi kyau. Yanzu ta hagu ta kai arba'in da shida, allinta ko rabi ba ya gogewa, ta dama ta sauka talatin da uku, tana kwantawa har kan rubutun jikinta. Ranar Laraba ya ɗaura zare daga tayar baya zuwa ta gaba, ya rufe ido ɗaya, ya kwance tayirod, ƙarfen da ke saita tayar gaba, ya juya. Kawu ya ce a kai ta wurin masu injin awo mana. Baba ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, shekara talatin yana saita ƙafar mota da zare babu wanda ya dawo masa da ita. Kawu ya ce to ai shi ma zaren ya tsufa. Baba ya jefe shi da tsumma.

Yanzu kam da gaske Giwa tana ja, amma dama take ja. Da muke tafiya fili na ga yadda yake riƙe sitiyari a karkace. Jiya kuma a babbar kwana bayanta ya fizge, ta juya ta kalli inda ta fito, hayaƙi ya turnuƙe. Ba ta taɓa yin haka ba. Duk da haka ya ture shida.

Ga abin da ya sa na rubuto. Don kada in riƙa tsayuwa hannu rabbana, na zana filin a bayan littafi, duk robar da ta faɗi in ɗiga mata tabo. Ban yi da wata niyya ba. Jiya da la'asar na buɗe na duba. Tabon duk a gefe ɗaya suke. Goma sha tara, babu ko ɗaya a dama. Har a ƙofar farko, inda mota miƙe take tafiya ba kwana ba komai, ta hagu yake takawa.

Na tuna bara da kake koya wa abokinka, ina kawo muku ruwa, ka ce sabon direba robar gefen fasinja yake turewa don ita ce nesa da idonsa, ta gefensa kuwa ko makaho ya san inda take. To hagu ai gefen Baba ne. A ƙarƙashin gwiwar hannunsa suke wucewa. Yaya za a yi mutumin da ke shigar da mota cikin lungunmu da baya, hannu ɗaya a kan taga, ya riƙa taka robar da ke gefensa?

Wataƙila ni ce ban fahimta ba. Wataƙila akwai abin da mota ke yi wanda alli ba ya nunawa. In akwai ka faɗa mini, zan fi kowa murna.

Umma ta ce in tambaye ka ko rigar sanyin nan tana wurinka. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta

Litinin

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ka yi haƙuri gaisuwar yau gajera ce.

Ka ce a amsarka in lura da Baba a gida, ba a mota ba. Na lura. Na ma yi abin da nake jin kunyar faɗa. Ranar Alhamis yana durƙushe gaban taya ya ce in ba shi sifana mai lamba goma sha bakwai. Na zaga ta hagunsa na miƙa, ban yi magana ba. Tsakanin hannuna da kuncinsa bai fi taki ɗaya ba. Na ƙirga a zuci har ashirin. Sai ya ɗaga murya, idonsa a gaba, ya ce Auta wai ƙera sifanar kike yi? Na ce ga ta Baba. Ya zabura kamar na fito daga ƙasa.

Ban iya cin abinci ba ranar. Da yamma Umma tana ninke kaya na zauna kusa da ita na faɗa mata, a hankali, ina kallon tabarma. Na zaci za ta firgita. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce in duba ɗakin. Na duba. Yaya, butarsa, takalmansa, rediyonsa, ƙusar da yake rataye hula, duk sun koma hannun dama. Ita ta mayar da su ɗaya bayan ɗaya tun kafin ka tafi, mu ba mu lura ba. Ko tafiya za su yi ta damansa take bi. Ta ce sau biyu tana yi masa hannunka mai sanda ya je a duba shi, ya ce gajiya ce da hasken walda. Ta ce tun da ka tafi babu abin da ke fitar da shi daga gida da fara'a sai motar nan, in bari tseren ya wuce tukuna, ba a fizge wa mutum sanda yana tsakiyar rafi. Ta ce kuma ba bakin 'ya ba ne zai gaya wa uba idonsa ya mutu.

Na yarda da ita har zuwa jiya.

Jiya a gwaji Baba ya ture roba a zagaye na biyu, Kawu ya shiga ya tayar da ita kamar yadda ya saba, yana ɗaga hannu don a gan shi. Rigarsa ja ce, Yaya, ja wur. Yana tsaye a hagu, fili fetal, rana tsaka. Baba ya fito daga kwana ya nufo shi bai ɗaga ƙafa ba. Na buɗe baki in yi ihu, murya ta ƙi fita. Kawu ya yi tsalle baya ya faɗi zaune, madubin Giwa ya fizge masa hula, tayar baya ta bi ta kan takalminsa ɗaya da ya fita. Sai da Baba ya gama zagaye ya tsaya ya tambaye ni lokaci. Bai san an yi ba.

Kawu ya taso yana kaɗe wando yana dariya, ya ce maigida in gadon injin waldata kake so ai sai ka bari in mutu da kaina. Amma da na kai masa ruwa sai da ya riƙe kofin da hannu biyu. Ya kalle ni, na kalle shi, ya kawar da kai. Shi ma ya sani. Kowa ya sani, kowa yana jiran wani.

Da aka nuna wa Baba takalmin, fuskarsa ta canja. Na ce a raina yau dai zai gane. Sai ya zaga Giwa ya doki tayar da ƙafa, ya ce wannan motar za ta sa shi kisan kai. Ya ce iska da tayirod sun kasa, saura abu ɗaya, zai yanke zagaye guda daga sifirin ɗin gaba na dama, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota, don ta kwanta dama dole. Sifirin ɗin nan da ka yi wata biyu kana nema a wurin masu tsofaffin kaya, ka ce babu irinsu kuma. Iska ana mayarwa, noti ana mayarwa, abin da aka yanke fa? Kawu ya ce injin yankansa yana wurin aro sai Alhamis. Ƙarya yake, na gan shi ƙarƙashin buhu.

Kuma ka san ranar tsere ba mutum ɗaya ke tsayawa cikin fili ba. Kowane direba yana kawo nasa masu tayar da robobi, wuri shida ake tsayawa, akwai matan mutane da ƙannensu. Saura kwana goma sha biyu.

Don girman Allah Yaya ka zo. In ba za ka iya ba ka rubuto masa, ni zan kai masa. Kai namiji ne, kai babba ne, ka iya magana. Ni ko malami ya kira sunana a aji sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ina jiran tanka gobe.

Ƙanwarka,
Auta

Lahadi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Mu ma da sauƙi.

Na ga takardarka ranar Talata, kuma ba zan ɓoye maka ba, na ji haushinka. Layi huɗu kacal. Wai in kai ka faɗa zai ce ramuwa ce, in Umma ce zai ce tsoron mata, in Kawu ne zai ce wasa. Wai ni ce mai littafi. Na ce lallai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kanku ɗaya. Na cusa takardar ƙarƙashin katifa na ce ba zan ƙara rubuto maka ba. Ga shi ina rubutowa.

Ranar Laraba sau uku ina gwadawa. Na farko na ce Baba, ya ce na'am, na ce ko in kawo ruwa. Na biyu na ce Baba, ya ce mene ne, na ce babu komai. Na uku ya ce Auta in cikinki ke ciwo ki tafi gida.

Alhamis da hantsi ya ɗaga Giwa a kan jak, ya cire tayar dama, ya fito da sifirin ya ɗaure a bakin benci. Ya je da kansa ya yaye buhun Kawu ya ɗauko injin, ya ce ashe mai aron a nan ya kwana. Kawu bai yi dariya ba. Baba ya miƙo mini hannu ya ce in ba shi alli ya sa alamar inda zai yanka.

Allin yana hannuna. Ban ba shi ba. Ban san abin da ya shige ni ba, na dai ga na durƙusa a ƙasan gareji ina zane. Na zana filin kamar yadda yake a littafi, ƙofar farko, jerin robobi, babbar kwana, ƙofar fita. Na jawo gwangwanin tsofaffin noti, ina duba littafi ina ajiye noti ɗaya a duk inda roba ta faɗi, tun daga Lahadin farko. Ashirin da bakwai. Na cire takalmina ɗaya na ajiye a wurin da Kawu ya tsaya. Har mai wankin mota na waje ya kashe famfo.

Da na ɗago sai na ga kuskurena. A hagunsa na yi zanen. Yana tsaye da injin a hannu yana cewa ina allin, bai ga komai ba. Sai na tashi na kama hannun rigarsa, ni da ban taɓa kama rigar Baba ba tun ina goye, na juya shi har zanen ya koma damansa.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce mene ne wannan? Na ce robobin da suka faɗi ne. Ya ce na gani, motar ce. Na ce Baba ranar farko alli a kan kibiya ya tsaya duk huɗun, kuma huɗu ka ture. Na ce ranar sifana na ƙirga ashirin a gefenka. Na ce rigar Kawu ja ce. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan, muryata kamar ta sauro, ina kallon ƙafata marar takalmi.

Ya sa tafin hannu ya rufe idon dama. Ya tsaya haka yana fuskantar ƙofa, inda rana take shigowa. Ban san abin da ya gani ba, ko abin da bai gani ba. Ya sauke hannun, ya ajiye injin a hankali, ya ce in sa takalmina in tafi gida.

Yau kwana uku bai yi mini magana ba. Ba faɗa, ba harara, in na gaishe shi ya ɗaga kai kawai. Umma ta ce na kyauta, ta kuma ce ban kyauta ba, duk a zama ɗaya, tana kuka. Yau Lahadi ba a je gwaji ba. Kawu ya ce sifirin yana nan ɗaure a benci, ba a yanke ba, ba a mayar ba, kuma Baba ya hana a share zanen, kowa zagaye shi yake yi. Amma bai janye sunansa daga tsere ba.

Yaya, na tona wa mahaifina asiri a gaban mutane. In ya shiga tseren duk da haka, na yi a banza. In bai shiga ba, ni na raba shi da abin da yake so. Ko ta ina na juya ba daɗi. Ka sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta

Alhamis, da sassafe

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina sauri ne, direban tanka yana bakin titi yana duba mai, ya ce minti goma ya ba ni.

Ranar Litinin Baba ya sa rigarsa ta fita, ya ce wa Umma ta ɗauko mayafinta. A motar haya suka tafi, bai tuƙa ba. Likitan ido ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin na hagu daga gefe ba tare da ciwo ba. Abin da ya tafi ya tafi, ba ya dawowa. Na daman ma an fara taɓawa, amma ya ce an zo da sauran lokaci, in ana ɗiga magani safe da yamma ana sa ran a riƙe shi. Ya ce batun gudu da mota a manta da shi. Umma ta ce da suka fito Baba ya zauna a bencin asibiti kusan awa guda yana kallon hannuwansa.

Jiya bayan an karya ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, mai littafi, taso. Maganarsa ta farko gare ni ke nan cikin kwana shida. Na bi shi gareji. Ya mayar da sifirin wurinsa. Sannan ya ce in buɗe shafin wancan mai taurin kan in karanta masa, kada in tsallake ko ɗigo. Na karanta. Gaba arba'in, ya sa geji ya ce in duba masa lambar da idona. Baya talatin da shida. Sandar baya ramin tsakiya. Shokozoba danni huɗu, muna ƙirgawa tare. Tayirod kuwa ya naɗe zarensa ya sa a aljihu, ya ce Kawu ya ja ta zuwa wurin masu injin awo. Kawu ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskar Baba, ya rufe.

Da na zo layin ƙarshe na tsaya. Ya ce akwai saura. Na ce an rubuta kada a ƙara taɓa ta. Ya ce to, an ji.

Da la'asar muka je fili, Kawu ya zaga da ita sau biyu. Tuƙinsa kamar mai ɗauke da ƙwai, amma ya dai sha kwana. Na duba alli. Duk huɗun a kan kibiya. Baba ya durƙusa yana bin kowace taya da yatsa, yana juya kai don ya gani da idon dama. Ya ce ashe lafiyarta ƙalau, wata biyar yana dukan baiwar Allah a kan laifin da ba nata ba. Na sunkuyar da kai na yi kamar ina rubutu.

Ba zan ce maka komai ya gyaru ba. Ba ya cin abinci sosai. Jiya ya tambayi Umma wa zai riƙa gwada motocin mutane in ya gyara. In zan ɗiga masa magani sai ya riƙe hannuna ya ce a hankali, wannan ɗin kaɗai ya rage. Tsoro nake ji har yanzu, sai dai ba irin na da ba.

Ga saƙon. Masu shirya tsere sun ce ana iya canja sunan direba har zuwa Juma'a da yamma, in ba a canja ba a cire motar. Baba ya je ya soke sunansa, wurin yana nan fari. Tanka gobe Juma'a take dawowa, kuma direban ya ce kujerar gaba babu kowa. Na tambayi Baba me zan ce maka. Ya ce shi bai aike ni ba, in rubuta abin da na ga dama, ai na iya zane.

To ga abin da na gani. Da muka dawo gareji jiya ya buɗe ƙofar Giwa, ya sunkuya, ya ja kujerar direba baya har ta yi ƙara sau uku, daidai inda dogayen ƙafafunka suke kaiwa. Abin da kake ji yana motsi cikin ambulan ɗin nan kuma makullin da ka ajiye a kan bonet ne. Da na je ɗauko biro na dawo na tarar da shi a ciki. Ni ban saka ba, Umma ta ce ba ita ba ce.

Na sayi sabon alli.

Ƙanwarka mai jiranka,
Auta